Digiri a Cikin Kaki: Me Uwa Ya Kamata ta Sani?

A wannan wata ina son mu tattauna wata magana da ta fara yawo a tsakar gidajenmu, musamman a wajen iyayen da 'ya'yansu suka gama sakandare, wato shawarar nan ta “a tura shi soja ya yi karatu kyauta”.

Ba na ganin laifin mai wannan tunani. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, kuma jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista. Mu da muke Shema da Kurfi da kewaye, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a ƙofar gida tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma kusancin makaranta ba ya biyan kuɗin rajista da na haya da na abinci. Uba manomi ne, gonar nesa ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga, to da me zai biya?

Maganar karatun kyautar gaskiya ce. Makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, an kafa ta a 1964, ta kuma fara karatun digiri a 1985. Yaron da aka ɗauka ba ya biyan kuɗin karatu. Gwamnati ce ke ba shi wurin kwana da abinci da kaki da magani, har da ɗan alawus. Mai shiga sojan ƙasa yakan yi shekara 5, huɗu na karatun digiri tare da horo, ta biyar kuma ta aikin soja zalla. Idan ya kammala sai ya fito da digirinsa da muƙamin laftanar na biyu, ga albashi, babu yawon neman aiki. Tun 2011 ma ake ɗaukar 'yan mata, sai dai sharaɗi ne ga mace da namiji su kasance ba su da aure, kuma ba za su yi ba har su gama. Wannan kaɗai ya isa ki zauna da maigida ku yi nazari idan 'yarki ce ke so.

Shiga ba sauƙi gare ta ba. Ana neman kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, sannan yaro ya rubuta JAMB ya zaɓi makarantar, ya ci jarrabawar tantancewa, ya wuce gwajin lafiya da na ƙarfin jiki. Kowace jiha tana da kasonta, kuma kason kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema. A nan ne macuta ke samun ƙofa. Duk wanda ya zo ya ce miki yana da “hanya”, ki kawo kuɗi a sa sunan ɗanki, to ki riƙe akuyarki da 'yan kunnenki, domin gurbin ba na sayarwa ba ne. Ki kuma bambance wannan da shiga kurtu a Zariya, inda ake horo na 'yan watanni a fito a matsayin ƙaramin soja, babu digiri a ciki. Iyaye da yawa suna haɗa biyun.

To amma 'yar'uwa, ga inda nake son ki tsaya. Abin da ba a biya da naira ba, ana biyansa da shekaru. Wanda gwamnati ta ciyar ta karantar ba ya ajiye kaki ranar da ya ga dama, kuma ba shi ke zaɓen inda za a kai shi ba. Yau Borno, gobe dajin Zamfara, jibi watakila dajin Rugu da ke nan bayan gidanmu. Ita kanta makarantar ba ta tsira ba, domin a watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga harabarta da ke Afaka, suka kashe hafsoshi 2 suka sace 1. Rai da ajali a hannun Allah suke, haka ne, kuma tsare rayukan jama'a aiki ne mai daraja. Mu da muka san daren da ake kwana da takalmi a ƙafa, mun fi kowa sanin amfanin soja. Katsina kuwa ba baƙuwar kaki ba ce, ita ta haifi Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari.

Abin da ba na so shi ne talauci ya zaɓa wa yaro. Wani yaron tun yana ƙarami zuciyarsa na can, ya iya jure gudu da tsawa da rashin barci. Irin wannan ki sa masa albarka, ki taya shi haɗa takardunsa. Wani kuwa likita yake son zama ko malami, ya ce “to” ne kawai don ya ga idonki ya raina fata a kan kuɗin makaranta. Ki kira shi ku biyu, bayan sallar isha'i, ki tambaye shi: da akwai kuɗin jami'a a hannu, zai nemi sojan? Idan ya sunkuyar da kai ya yi shiru, to ku duba bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ku kuma tambayi tallafin karatu na jiha, kafin a sayi fom ɗin Kaduna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.