Ku bar yarinyar nan ta yi kukanta

 Yau ba a bakin makirfo nake ba, zama na yi na rubuta, don maganar ta fi ƙarfin ƴan mintocin da ake ba ni.

Ran Asabar wata ɗiyar maƙwabtanmu nan Kirkissoye, ƴar lise mai shekara 16, ta shigo gidanmu ido jajur. Gabana ya faɗi, na ɗauka ciwonta ne ya tashi, don tana da emasi, wato amosanin jini. Ashe littafi ne. Ƙawarta ta ara mata Nos étoiles contraires, fassarar Faransanci ta littafin Ba'amurken nan John Green da ya fito a 2012. Dare biyu ta karance shi. Mahaifiyarta ta tarar da ita tana kuka, ta ƙwace, ta ce mai ciwo ba ya karanta labarin mutuwa, jawo ta ne.

Na je na gaida Inna, na roƙi littafin, na karanta. Labarin Hazel ne, ita ma shekara 16, ciwon daji ya kama mata huhu, duk inda za ta sai ta ja tulun iskar numfashi. Ta haɗu da Augustus, wanda kansar ƙashi ta sa aka yanke masa ƙafa. Suka so juna. Shi da ake ganin ya warke, shi ya riga ta tafiya. Ni ma fa na share hawaye, ba zan ɓoye muku ba.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar yarinyar. Ta ce: "Tanti, ba mutuwar yaron ta sa ni kuka ba. Hazel tana tsoron yadda iyayenta za su zama bayanta. Ni ma kullum tunanina ke nan, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Shekara nawa muna tare da yarinyar nan? Mun kai ta asibiti cikin dare, mun yi yawon neman jini, mun haɗa kuɗin ordonansi. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta me take tsoro. "Sannu" da "Allah ya ba da lafiya", shi ke nan. A waje kuma cewa ake yi zazzaɓi ne, don kada gobe masu neman aure su gudu. Sai ga wani mutum daga Indianapolis, bai san Harobanda ba, bai taɓa taka gadar Kennedy ba, shi ya buɗe mata baki.

Ban ce Inna ba ta da hujja ba. Uwar da ta sha kwana a kan tabarmar asibiti ba a koya mata tsoro. Kuma akwai wuri a tafiyarsu ta Amsterdam da ni ma ba zan so ƙanwata ta karanta ba tare da babba ya yi mata bayani ba. Rayuwar ma ba ɗaya ba ce: mu nan sai 2021 aka fara gashin kansa da na'ura a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. To amma ƙwace littafin bai cire tsoron ba, ya dai mayar da shi ƙarƙashin matashin kai.

Ni haushina yana kan marubutanmu. Littattafan soyayya na Hausa sun cika wayoyin yaranmu, kishiya da uwar miji har sun gundure mu. Ina labarin budurwa mai SS da ciwo ya kayar ana saura kwana uku BEPC? Ina na masoya biyu da gwajin jini ya nuna dukansu AS ne, likita ya ce musu kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya zo da ciwon? Muna da cibiyar masu emasi a nan Yamai, duk 19 ga Yuni ana jawabai, amma yarinya ba ta ganin kanta cikin jawabi. Ku rubuta, da Hausa, da Zabarmanci, ni zan karanta a rediyo.

Jiya na mayar wa Inna littafin, na gaya mata abin da ɗiyarta ta ce, da izinin yarinyar. Ta yi shiru mai tsawo. Ita ba ta yi lakwal ba, don haka ta ce in turo mata yarinyar ta ba ta labarin da bakinta bayan sallar isha'i.