Bunsurun da Ya Ɗauki Laifin Jama'a

Akwai wata kalmar Turanci da muke yawan cin karo da ita a jaridu da littattafan karatu, wato scapegoat. Ɗalibai da dama sukan rubuta ta escape goat, malamin Turanci kuwa ya ja mata jan biro. Malamin yana da gaskiya, domin ba haka ake rubuta ta ba. Amma kuskuren bai yi nisa da asali ba, gama tun farko ma'anarta ke nan: bunsurun da aka saki ya tafi. Ya kamata mu san inda ta fito, don mu yi amfani da ita daidai, mu kuma gane abin da take tona mana game da halinmu.

Tushen kalmar yana cikin ibadar Yahudawa, a Littafin Firistoci sura 16. Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga watan bakwai, akan yi Ranar Kafara, wadda Yahudawa suke kira Yom Kippur. A ranar, babban firist yakan kawo bunsuru biyu, ya jefa kuri'a a kansu. Ɗaya a yanka shi hadaya domin zunubi. Ɗayan kuwa a bar shi da rai, firist ya ɗibiya hannuwansa biyu a kansa, ya furta dukan laifofin jama'ar Isra'ila, sa'an nan wani mutum da aka shirya ya kai shi jeji ya sake shi. Mutumin ma sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka kafin ya komo zango. Tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu aka daina wannan hidima. Yahudawa suna kiyaye ranar har yau, amma da azumi da addu'a da tuba, ba bunsuru.

Yaya aka yi ta shiga Turanci? A Ibrananci an ce bunsuru na biyu na Azazel ne. Da William Tyndale, mutumin Ingila, yake juya littattafan Musa zuwa Turanci a 1530, sai ya fahimci kalmar da nufin bunsurun da yake tafiya, ya haɗa kalmar tserewa da ta akuya ya ƙirƙiro sabuwa. Juyin Sarki James na 1611 ya riƙe ta, daga nan ta bazu. Masana da yawa a yau suna ɗaukar Azazel sunan wuri ne ko na wani ruhu a jeji, amma kalmar Tyndale ta riga ta kafu. Sannu a hankali ta fita daga ɗakin ibada ta shiga bakin kowa, ana nufin mutum ko ƙungiya da aka ɗora wa laifin waɗansu. Da Hausa sai mu ce an rataya masa jakar tsaba, ko an shafa masa kashin kaji.

A nan ne muke so mai karatu ya lura. A ibadar Yahudawa ba wanda ya ce bunsuru ne ya yi zunubi. Kowa ya san dabbar ba ruwanta. Kafin a kore ta, sai da aka furta a fili cewa laifin na jama'a ne, jama'ar kuma suna azumi suna ƙasƙantar da kansu. Wato hidimar ta fara ne da amsa laifi. Amma abin da kalmar take nufi yanzu kishiyar wannan ne. Ana neman wanda za a ɗora wa laifi ne don kada a amsa shi. Mun riƙe korar, mun yar da tuban.

Tarihi cike yake da misalai. Sa'ad da gobara ta cinye birnin Roma a shekara ta 64, jita-jita ta bazu cewa Sarki Nero ne ya sa aka cinna wutar, sai ya juya laifin kan Kirista, aka karkashe su. A 1348 da 1349 annoba ta yi ta kashe mutane a Turai, ba a san ƙwayar cuta ba a lokacin, sai aka ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi. A birnin Strasbourg an ƙone ɗaruruwansu a watan Fabrairu na 1349, annobar kuwa ba ta fasa shiga garin ba. A Faransa kuma, a 1894, aka yanke wa Kyaftin Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude, hukuncin sayar wa Jamus asirin ƙasa. Ko da shaida ta nuna wani hafsa ne mai suna Esterhazy, manyan soja suka rufe zancen don kare mutuncinsu, ba a wanke Dreyfus ba sai a 1906. Abin baƙin ciki, al'ummar da kalmar ta fito daga ibadarta ita ce ta sha zama bunsurun.

A dukan misalan nan abu uku ne suke maimaituwa: masifa ta auku, akwai wanda ba shi da mai tsaya masa, ainihin dalili kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Ashe maganin bogi ne. Zuciya ta ɗan yi sanyi, ciwo kuwa yana ci.

Saboda haka mu kiyaye yadda muke amfani da kalmar. Ba duk wanda aka hukunta ne scapegoat ba. Ɗalibin da aka kama da satar amsa, aka hore shi, abin da ya shuka ya girba. Amma in ajin gaba ɗaya ya yi hayaniya aka miƙa sunan mai shiru-shiru don ba zai iya musu ba, ko ƙungiya ta sha kashi a ƙwallo aka taru a kan mai tsaron gida alhali 'yan gaba ba su ci ko ɗaya ba, to nan ne kalmar ta zauna daidai. Haka kuma mai laifi na gaske yakan fake da ita don a tausaya masa, sai mu yi hattara.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk ranar da muka ga jama'a sun haɗa baki a kan mutum ɗaya, musamman baƙo ko marar gata, mu dakata mu tambaya: ina shaida, wa kuma zai huta in wannan ya tafi? Ku da kuke barin makaranta bana, wata rana za ku shugabanci ofis ko gida ko gari, abu kuma zai lalace a hannunku. Ranar nan a ga kun miƙe kun ce namu ne, kafin ku waiwaya neman wani. Allah ya ba mu ƙarfin halin yin haka.