Wa Ya Cancanci Ya Ce "Come Hell or High Water"?

Idan jarabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, akwai wani salon magana na Turanci da ɗalibanmu ba sa rabuwa da shi a rubutun insha'i, wato come hell or high water. Abin da yake nufi shi ne, ko wuta za ta tashi, ko ruwa zai yi ambaliya, sai mutum ya cika abin da ya ƙudurta. An fara ganinsa a rubuce a Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19. Bahaushe kuwa ya daɗe da irin nasa: ko ana ha maza ha mata, ko sama da ƙasa za su haɗe. Mu da muke zaune kusa da madatsar Bakolori da gulbin Sakkwato ba ma bukatar ƙamus ya gaya mana yadda ruwa yake raba malami da makarantarsa a tsakiyar damina.

Kuskuren da na fi gani a takardun yara shi ne haɗa shi da by hook or by crook. Wannan na biyun daidai yake da "ko ta halin ƙaƙa", wato ko ta hanya mai kyau ko ta karkatacciya. Yaron da ya rubuta cewa zai ci jarabawa by hook or by crook ya yi mana alkawarin satar amsa ke nan ba tare da ya sani ba. Wannan dai gyaran minti biyar ne a kan allo.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren manya. A ganina, wannan magana alwashi ne, kuma alwashi a wuyan mai shan sa yake rataye. Wanda zai shiga ruwan shi ne yake da ikon cewa zai haye. Amma sau da yawa akan juya ta ta koma umarni: wanda ke zaune a ofis ya ce sai an buɗe makarantu ko ana ha maza ha mata, alhali ba shi ne zai hau babur ya ratsa daji da sassafe ba.

'Yan uwa malamai, ba mu manta da shekarar 2021 ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar. Ƙananan hukumominmu uku babu wadda ta tsira. Da aka sake buɗewa, malamai ne suka ɗauki alli suka koma, da yawansu ba su iya furta wannan salo da Turanci ba ma, amma su suka aikata shi.

Don haka duk mai son ya ari wannan magana a kan dandamali, sai mu roƙe shi ya faɗe ta a kan abin da ke hannunsa. Ya ce, ko sama da ƙasa za su haɗe, sai albashi ya shiga a ƙarshen wata, sai an zagaye makaranta da katanga, sai an sa mata masu gadi. In ya faɗi haka, ya yi Turanci daidai, mu ma sai mu ba shi cikakken maki.

Shawarata ga wannan reshe ita ce, a taronmu mai zuwa kowane wakili ya zo da sunayen makarantun yankinsa da ba su da katanga ko mai gadi, a haɗa su a takarda guda, a miƙa wa sakatarorin ilimi na Mafara da Bakura da Maradun kafin a shiga sabon zango.