Ɗalibin digiri na biyu ba yaron gidan malami ba ne



Yaranmu da ke karatun digiri na biyu da na uku a jami'o'in kudu, daga Ibadan zuwa Akoka, daga Ile-Ife zuwa Nsukka, suna ƙaruwa, kuma muna murna. Amma idan ɗayansu ya kawo kuka cewa malamin da ke duba bincikensa ya riƙe masa babi wata shida bai buɗe ba, amsarmu ɗaya ce: "Yi haƙuri, kai baƙo ne, kai masa ɗan goro." Wannan shawara ba ta taimakon kowa, kuma lokaci ya yi da za mu daina ba da ita.

A tsarin yawancin jami'o'in Najeriya, digiri na biyu shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu, na uku kuwa shekara uku ga mai karatu cikakken lokaci. Yajin aikin ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Wannan ba laifin ɗalibi ba ne. To a kan me za a ƙara masa da jinkirin malami, alhali kowace shekarar da ta ƙaru sai ya sake biyan kuɗin makaranta da na haya?

Kowace jami'ar da ke ba da digiri na biyu da na uku tana da makarantar karatun gaba da digiri, da littafin ƙa'idojinta. Ɗalibi yana da hakkin a duba aikinsa a dawo masa da gyara, a sa masa ranar gabatar da bincike, kuma ya nemi a sauya masa malami idan zama ya gagara. Babu inda aka rubuta cewa zai sayi man mota, ko ya kai 'ya'yan malami makaranta, ko ya sa sunan wanda bai taɓa aikin ba a kan maƙalarsa. 'Ya'yanmu mata kuma suna da hakkin a bar su da mutuncinsu.

Masu cewa ƙara ba ta da amfani su tuna da 2018. Wata ɗalibar karatun gaba da digiri a Jami'ar Obafemi Awolowo ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele yana neman ta da lalata don ya ba ta maki. Jami'ar ta kore shi, ICPC ta gurfanar da shi, kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. Da ta bi shawarar haƙuri, da yana nan a ofishinsa.

Sai dai mu faɗa wa namu gaskiya. Wanda ya biya wani ya rubuta masa kundi, ko ya kwaso aikin wani daga intanet har Turnitin ta tona shi, ya zubar da hakkinsa da hannunsa. Haka wanda ya ɓace wata takwas yana harkar kasuwa, sannan ya dawo yana cewa malami na nuna masa ƙabilanci. Ƙabilanci na nan, amma ba kowane jan biro ba ne ƙabilanci. Sabunta rajista a kan lokaci, halartar taron gabatar da bincike, yin gyaran da aka ce, da tattara bayanai na gaskiya, duk nauyi ne a wuyan ɗalibi.

Don haka, ɗalibai, ku karanta littafin ƙa'idoji tun makon farko. Ku rubuta ranar da kuka miƙa kowane babi, ku riƙa aikawa ta imel don a samu shaida. In abu ya ci tura, ku rubuta wa shugaban sashe, daga nan shugaban makarantar, cikin ladabi.

Mu kuma iyaye da shugabanni, mu roƙi malaman jami'a da lauyoyin da ke cikinmu su riƙa sauraron waɗannan yara, su raka mai gaskiya, su tsawata wa malalaci. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.