Ba sai ka aske gemu ba saboda na'urar minshari

Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, likita kan rubuta masa na'urar CPAP, mai hura iska don kada maƙogwaro ya toshe. A nan Malanbil, a ganina, takunkumin ne matsalar. Daga Kwatano ake aiko shi, ko ɗan'uwa ya saƙo shi cikin kaya daga Faransa, ba wanda ya auna fuskar mai shi.

Mai rufe hanci da baki ba ya zama daidai kan gemu. Iska ta riƙa zurarewa tana busar da ido, mutum ya ƙara tamke maɗauri, karan hanci ya yi rauni, sati biyu na'ura ta koma ƙarƙashin gado. Wasu har cewa ake su aske. Ban yarda ba. Akwai ɗan ƙarami mai zama a ƙofar hanci kawai, gemu bai dame shi ba. In kana barci baki buɗe, a haɗa da maɗaurin haɓa.

Direban tirela mai tasowa daga Kwatano, sama da kilomita 700, in barcinsa ya lalace, kan sitiyari zai rama. Alhaji, kafin ka biya, ka gwada shi a kwance, na'ura na aiki.