Bin Sawu a Kan Teku: Waiwaye Kan Jirgin da Kiribati Ta Kama

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka kwance jakin kakana daga turke cikin dare, ana tsakiyar kwasar dawa. Da asuba aka aika aka kira wani dattijo mai bin sawu daga ƙauyen da ke gabas da mu. Ya tsuguna a bakin turken, ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ɗauki tsinke ya zagaye sawu guda. Sannan ya ce wa kakana, "Malam, jakinka yana ɗingisa ƙafar baya ta hagu. Wanda ya ja shi kuma takalmin taya ne a ƙafarsa." Muka bi shi cikin karan dawa, muka tsallake busasshen rafi, har rana ta take. A ƙofar wani gida ya ja ya tsaya, ya jingina da sandarsa ya ce, "Iyakata ke nan. A kira dagaci."

Wannan dattijo nake tunawa duk sa'ad da na ji ana zancen abin da ƙirƙirarriyar basira za ta yi wa ƙananan ƙasashe, domin akwai ƙasar da aka taɓa yi wa irin wannan bin sawu, kuma a kan ruwa aka yi shi, inda kowa ya san sawu ba ya kwana.

Kiribati, wadda mutanenta ke furtawa Kiribas, tsibirai 33 ne warwatse a tsakiyar Tekun Fasifik. Idan aka tattara tudunta gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 811 ba, mutanenta kuma kimanin 120,000 ne, kusan rabinsu cunkushe a kudancin Tarawa, babban birnin ƙasar. Ruwan da ke ƙarƙashin ikonta kuwa ya haura murabba'in kilomita miliyan 3, ya ninka faɗin Nijeriya sau uku har da ɗoriya. Ta samu 'yanci daga Ingila a 1979, kuma a shekarar ce ma'adinin fosfet na tsibirin Banaba, wanda Turawa suka shekara kusan tamanin suna haƙa, ya ƙare. Suka wayi gari da tuta, da kwakwa, da teku. Arzikin da ya rage musu shi ne kifin tuna, kuma ba su da manyan jiragen kama shi. Saboda haka suke sayar wa kamfanonin waje lasisi, kuma a yawancin shekaru kuɗin lasisin nan ya fi rabin abin da ke shiga baitulmalin gwamnati. Albashin malamin makaranta da maganin asibiti duk daga bakin kifin nan suke fitowa.

Mai gadin wannan dukiya kuwa, har zuwa 2021, jirgin sintiri ɗaya ne tak, Teanoai, wanda Ostareliya ta ba su a 1994.

A zamanin Shugaba Anote Tong ƙasar ta keɓe ruwan da ke kewaye da tsibiran Phoenix, murabba'in kilomita sama da 400,000, ta mai da shi hurumi. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2010, kuma daga ranar 1 ga Janairu 2015 aka haramta wa jiragen kasuwanci kamun kifi a cikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka doka ce ta takarda, don daga Tarawa zuwa can tafiyar kwanaki ce a ruwa. A watan Yuni na shekarar, aka lura da wani jirgi mai suna Marshalls 203 a cikin hurumin. Jirgin sintiri ya tashi, ya cim masa, ya taso ƙeyarsa zuwa Tarawa. Matuƙin ya ce shi bai jefa taru ba. Ba wanda ya gan shi da ido, ruwa kuma ya riga ya shafe komai.

A nan mai bin sawu ya shigo. Manyan jiragen ruwa suna ɗauke da wata na'ura da ake kira AIS, wadda asali an yi ta ne don kada jirage su yi karo. Tana ta shela a kai a kai: ga sunana, ga inda nake, ga saurina, ga inda na dosa. Taurarin ɗan'adam suna jin wannan shela daga sama. Ƙungiyoyin Oceana da SkyTruth tare da kamfanin Google suka haɗa hannu suka kafa wani shiri, Global Fishing Watch, don tattara ta da karanta ta. Abin da suka gane shi ne kowace sana'a tana da irin tafiyarta. Jirgin dakon kaya miƙewa yake yi ɗoɗar daga tasha zuwa tasha. Mai mamari yana tafiya a hankali yana sakin igiya mai dubban ƙugiyoyi har tsawon kilomita da dama, sannan ya juyo ya bi sawunsa yana janye ta. Mai babban taru kuwa yana ta kai-komo yana neman garken kifi, idan ya same shi ya yi masa zobe, sai ya tsaya kusan cik na tsawon sa'o'i yana tsuke bakin tarun yana kwasa. Ƙwararru suka zauna suka yi wa dubban irin waɗannan tafiye-tafiye alama da hannu, wannan su ne, wannan wucewa ce, suka ba kwamfuta ta yi ta bita har ta iya rarrabewa da kanta.

Da aka shimfiɗa taswirar tafiyar Marshalls 203, sai ga zobe a cikin hurumi, ga tsayuwa, ga sa'a da rana. Gardama ta mutu. Kamfanin da ya mallaki jirgin ya biya tarar dala miliyan 1, ya ƙara wata miliyan 1 da sunan gudummawa ga ƙasar. A wurin Kiribati wannan ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

Na daɗe ina jin daɗin wannan labari, kuma har yau ina jin daɗinsa. Ƙaramar ƙasa wadda aka saba ɗibar kayanta a gaban idonta ta samu shaida, kuma shaidar ba ta karɓar goro. Amma da na sake bin labarin a tsanake, sai na ga abin da masu yaɗa shi suka fi tsallakewa. Kafin taswira ta yi amfani, sai da aka samu doka a rubuce wadda ta ce nan hurumi ne. Sai da aka samu jami'in da ya lura, da shugaban da ya sa hannu a zuba mai, da ma'aikatan da suka bar iyalinsu suka kwana a teku, da lauyan gwamnati da ya ƙi sassautawa. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya yi rauni, da taswirar ta zama hoto kawai a allon kwamfuta, jirgin kuma ya sauke kifinsa a wata tasha ya koma.

Mai bin sawun ma yana da iyakarsa. A 2018 masu wannan shiri suka buga bincike a mujallar Science, inda suka tace saƙonni biliyan 22 daga jiragen su sama da 70,000, suka nuna cewa ana kamun kifi na kasuwanci a fiye da rabin tekun duniya. Aiki ne da babu taron ma'aikatan da zai iya gama shi da ido. Sai dai ɓarawon da ya san ana bin sawunsa yana iya kashe na'urar. Wani binciken da aka buga a mujallar Nature a farkon 2024, wanda aka sa kwamfuta ta zaƙulo jirage daga hotunan radar na taurarin ɗan'adam, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen su ba sa fitowa a tsarin bibiyar da jama'a ke gani. Radar za ta ce maka ga ƙarfe a kan ruwa, ga tsawonsa. Sunansa da tutarsa da abin da ke cikin cikinsa, sai an je.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, har na sauya ra'ayi kan lamarin gaba ɗaya, shi ne da na duba inda ainihin kuɗin ya fito. Ba tara ce ta cika baitulmalin Kiribati ba. A 1982 wasu ƙasashen tsibirai suka ƙulla Yarjejeniyar Nauru, su takwas ne yau: Kiribati, Tuvalu, Nauru, Palau, Tsibiran Marshall, Maikroneshiya, Tsibiran Solomon da Papua New Guinea. Shekaru da dama kamfanonin waje suna raba kan ƙasashen, suna taya wannan su koma wa wancan, kowa yana karya farashi don kada a bar shi. Daga ƙarshen 2007 suka sauya salo: suka daina sayar da lasisi sakaka, suka koma sayar da kwana. Akwai adadin kwanakin su da aka yanke wa yankin duka a shekara, an raba wa kowace ƙasa nata kason, jirgi kuma yana sayen kwana kamar yadda ɗan kasuwa ke kama rumfa. Daga 2015 suka tsayar cewa kwana ɗaya ba zai gaza dala 8,000 ba. Kuɗin da ƙasashen ke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa wajen miliyan 500 a shekara. Na'ura tana da hannu a ciki, don ita ke ƙirga kwanan da kowane jirgi ya yi a ruwan kowace ƙasa. Amma littafin lissafin nasu ne, su suka tsara shi, su ke riƙe da shi. Tsintsiya ce ta ɗauru, sannan fasaha ta samu abin da za ta kama.

Sai kuma Nuwamba 2021. Gwamnatin Shugaba Taneti Maamau ta sanar cewa za ta sake buɗe hurumin Phoenix ga jiragen kasuwanci. Hujjarta ita ce rufewar ta rage mata kuɗin lasisi, asusun da aka kafa don cike gurbin kuma bai cike ba. Masu kare muhalli a duniya suka yi ta ƙorafi. Ni ma na ji zafin abin, amma na kasa ganin baƙin mutanen da ke zaune a tudun da bai fi mita biyu zuwa uku a saman teku ba, waɗanda gwamnatinsu ta kai ga sayen fili a Fiji a 2014 saboda fargabar gobe. Duniya ta ba su idon gani kyauta, ta yaba musu, ta rataya musu lambar girma, amma ba ta biya kuɗin gadin ba. Na'ura tana iya tsare hurumi har ƙarshen zamani idan an ce ta tsare. Ba ta iya gaya wa minista inda zai samo albashin wata.

To ina ƙirƙirarriyar basira za ta yi wa irin wannan ƙasa rana? Ni dai ina ganin a wuraren da aikin ya fi ƙarfin yawan mutanen, kuma akwai wanda ke tsaye zai yi amfani da amsar. Ga misali ɗaya da ya haɗa ciki da maƙogwaro. A shekarar El Nino, lokacin da ruwan ɗumi ya gangaro gabas, tuna tana biyo shi zuwa ruwan Kiribati, sama kuma ta yi ta zuba. A shekarar La Nina kifin ya koma yamma, ruwan sama ya ɗauke. Ruwan shan Tarawa wani ɗan siririn ruwan daɗi ne da ke kwance a ƙarƙashin yashi, yana yawo a kan ruwan gishiri, idan fari ya daɗe ko aka zuƙe shi da yawa sai gishiri ya tsatso cikin rijiya. A Yunin 2022 sai da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda fari. Duk na'urar da za ta ƙara wa hasashen wannan juyi kaifi, ko da da 'yan makonni ne, tana taimakon mai tsara kasafi da mai raba ruwa a lokaci guda. Amma sai an samu mai auna gishirin rijiyoyi kowane mako yana rubutawa, don abin da aka ba ta shi take taunawa.

Wuri na biyu yana kan jiragen kansu. Dokar yankin ta ce kowane jirgin babban taru sai ya ɗauki ɗan sa-ido, mutum guda a cikin baƙi, wata da watanni a teku, yana rubuta abin da masu jirgin ba sa so a rubuta. Aiki ne mai hatsari, kuma an rasa rayuka a cikinsa, har da 'yan Kiribati. Jiragen mamari kuwa kashi 5 cikin 100 kawai aka wajabta. Yanzu ana ɗaura kyamarori a kan jirage, ana koya wa kwamfuta ta tace bidiyon ɗaruruwan sa'o'i, ta tsaya daidai inda aka ɗago kifi, ta ce wannan tuna ce, wannan kifin shak ne, wannan kunkuru ne da aka hana kamawa. Abin da ke damuna shi ne inda bidiyon zai sauka. Idan a ofishin wani kamfani a ƙasar waje zai sauka, Kiribati ta riƙa biyan kuɗi kafin a gaya mata abin da aka kwasa a ruwanta, to an maimaita labarin Banaba da sabon kaya. Ƙasar tana da makarantar horar da ma'aikatan jirgin ruwa a Betio tun 1967, wadda ɗalibanta suka yi shekaru suna aiki a jiragen Jamus suna aiko wa gida kuɗi. Mutanen da suka iya wannan za su iya zama gaban allo su duba hukuncin na'ura, su gyara mata inda ta ɗauki wannan kifi a matsayin wancan, don sun san kifin tun kafin su san boko.

A 2021 Ostareliya ta ba su sabon jirgin sintiri, Teanoai II, ya maye gurbin tsohon. A lokacin ma guda ɗaya ne. Cibiyar sa-ido ta hukumar kamun kifi ta ƙasashen yankin, wadda ke Honiara, tana turo wa jami'ai taswira mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo jirgi ne, an yi wa waɗanda ake zargi launi dabam. Wani ma'aikaci a Tarawa zai dube ta da safe, ya duba man da ya rage a tanki, ya lissafa kwana nawa ne zuwa da dawowa, sannan ya zaɓi ɗigo ɗaya.