Baƙin Sama a Majigi

A Mahuta, hedkwatar Fakai ta ƙasar Zuru, samari kan taru su kalli majigi a wayar hannu, har da labarun halittu masu saukowa daga sararin samaniya. Waɗansu malamai sun ɗauka tatsuniya ce kurum. Mu kuwa a ganinmu zancen baƙi ne aka sake wa riga. A Turanci ma da kalma guda ake kiran irin wannan halitta da mutumin da ya shigo daga wata ƙasa.

Ga misalin District 9, wanda Neill Blomkamp ya fitar a 2009. Jirgin baƙin ya tsaya bisa birnin Johannesburg, aka tsare su cikin wata unguwar bukkokin kwano, ana yi musu laƙabi da jatan lande, ana binsu gida gida da takardar tashi su sa hannu. Kowa ya kalla sai ya ji tausayinsu. Shekara guda kafin fitowarsa, cikin watan Mayu 2008, an kashe mutum 62 a Afirka ta Kudu a tarzomar ƙin baƙi.

To, amma ga abin takaici. Cikin majigin nan an nuna 'yan Nijeriya 'yan daba ne, masu cin naman baƙin domin tsafi, aka kuma sa wa ubangidansu suna Obesandjo. Watau an tausaya wa baƙon da babu shi a duniya, an ci mutuncin wanda yake nan da ransa. Ministar Watsa Labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta hana nuna shi, ta nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Fushinta daidai ne. Hanin ne ba mu yarda da shi ba.

Dalili kuwa, mun ɗanɗana kora, mun kuma kori waɗansu. A 1969 Gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, har da Hausawan zango. A 1983 Gwamnatin Shehu Shagari ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya, galibinsu 'yan Gana.

Malamin da ajinsa ya haɗa 'ya'yan Fakkawa da Dakarkari da Hausawa da Fulani, ya zaɓi sassan da suka dace ya nuna wa manyan 'yan makaranta. Sa'an nan ya tambaye su, a kasuwar Mahuta wa ake ce wa baƙo, alhali kuwa nan aka haifi kakansa?